Yadda Za Ka Zaɓi Agogon Ƙari ga A-kori-kurarka Mai Dizal: Na Lantarki ko Mai Bututu

Tun da zafin bazara ya kankama, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga direbobi da masu a-kori-kura na Garwa da Marwa da Kusiri, har da wasu daga Njamena. Mutum ya yi niyyar ƙara wa motarsa agogon da zai riƙa nuna masa halin da inji yake ciki, ya shiga shagon kayan mota, sai a ɗora masa iri biyu a kan kanta, ɗaya mai siririn bututu, ɗaya mai waya, kuma kowane mai shago wanda ke hannunsa yake yabo. Tambayar ita ce, wanne zai saya? Amsata ita ce kada ka zaɓi iri ɗaya ka yi wa mota kuɗin goro da shi, domin abin da za a auna shi ne yake yanke hukunci. Iska za ta iya shigowa inda kake zaune ta bututu ba tare da wata illa ba, amma baƙin mai mai zafi da gazuwal, wato man dizal, a bar su can cikin bonet, waya ta kawo labarinsu.

Agogo mai bututu shi ne wanda abin da ake aunawa ke zuwa da kansa har bayan agogon ya tura allura, ba ya neman wuta sai ta fitilar dare. Na lantarki kuwa yana da sansa, wato 'yar na'urar da ke jin zafi ko matsi, da ake ɗaurawa a jikin inji, ita ce ke aiko da saƙo ta waya.

Mataki na 1: Ka san injin da ke cikin bonet ɗinka

Kafin ka taɓa aljihu, buɗe bonet ka karanta lambar inji a farantin da ke manne a jikin mota, ka amsa tambayoyi uku. Yana da turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, ko ba shi da shi? Famfon gazuwal ɗinsa na da ne mai aiki da kansa, ko kwamfuta ce ke sarrafa shi? Wutar motar volt 12 ce ko 24?

Land Cruiser 79 mai inji 1HZ, lita 4.2 da silinda shida, da Hilux mai 5L, lita 3, ba su da turbo daga kamfani, saboda haka agogon iskar turbo ba shi da wani aiki a cikinsu, ko da yake na sha ganin an sayar wa masu su. Hilux mai 2KD ko 1KD, da na bayansu masu 2GD da 1GD waɗanda suka fito daga 2015, duk suna da turbo da kwamfuta. Haka ma Isuzu D-Max mai 4JJ1 da Nissan Navara mai YD25. Mitsubishi L200 mai 4D56 kuwa ya zo a kala-kala, akwai mai turbo akwai marar shi, sai ka duba da idonka.

Idan motarka mai kwamfuta ce, leƙa ƙarƙashin sitiyari, za ka ga wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD2. Akwai 'yar na'ura mai araha da ake sokawa a nan ta aika wa wayar salula zafin ruwa na gaskiya da ƙarfin batir, a wasu motocin har da iskar turbo. Ka ari ta wani ka gwada kafin ka saya, domin ba duk motocin da aka ƙera don kasuwannin Afirka da ƙasashen Larabawa ne ke amsa mata ba. In ta yi aiki, ta rage maka agogo biyu ke nan.

Gargaɗi: akwai tsofaffin Land Cruiser masu volt 24. Agogon volt 12 da aka jona wa irin wannan wuta yana ƙonewa nan take, kuma mai shago ba zai karɓa ba. Ganin batir biyu kaɗai bai isa shaida ba, a auna da mita.

Mataki na 2: Ka jera agogon bisa ga buƙata

Ba sai ka cika gaban mota da agogo shida ba. A yankinmu zafi ne ya fi kashe inji, don haka zafin ruwa ne kan gaba ga kowace mota. Mai karatu zai ce ai motar ta zo da nata. Gaskiya ne, amma agogon kamfani a yawancin motocin nan an yi shi ne ya zauna a tsakiya cikin tazara mai faɗi don kada hankalin direba ya tashi, sai zafi ya yi nisa sannan allura ta zabura, a lokacin kuwa gaskit ɗin kan inji ya riga ya ji jiki.

Na biyu shi ne zafin hayaƙin salansa, wanda ake rubuta EGT a fuskarsa, ga duk mai ɗaukar kaya masu nauyi, ko wanda aka ƙara wa famfonsa mai, ko aka ɗaura wa injinsa turbo daga baya. Wanda ke lodin buhunan albasa daga Marwa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere ya san abin da hawan Falez yake yi wa mota. Garwa tana ƙasa kusa da kogin Binuwai, Ngaundere kuwa tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,000, ga hawa mai tsawo da lanƙwasa, ga iska tana raguwa a daidai lokacin da ƙafarka ke danne da totur. Zafin hayaƙi yana tashi cikin daƙiƙu, ruwa kuwa sai bayan mintuna yake nunawa.

Na uku matsin baƙin mai, saboda jar fitilar da ke kan dashbod ba ta kamawa sai matsin ya faɗi ƙasa da rabin bar (bar ma'aunin matsi ne), wato sai ɓarna ta fara. Sannan iskar turbo ga mai turbo. Agogon batir shi ne na ƙarshe, kuma babu zaɓi a kansa tun da na lantarki ne kawai.

Mataki na 3: Ka zaɓi iri ga kowane agogo

A nan ne maganar take, kuma a nan ne ake yawan asarar kuɗi.

Iskar turbo: ɗauki mai bututu. Iska ce kawai a cikin bututun, in ya fashe babu abin da zai zubo maka, sai dai ka ji 'yar ƙara kuma allura ta kwanta. Ya fi araha, ba shi da sansar da za ta mutu, kuma yana amsawa nan da nan. Wanda ya kai bar 2, kimanin 30 a ɗaya ma'aunin da ake kira psi, ya ishi waɗannan motocin.

Gargaɗi: kada ka sayi wanda rabin fuskarsa lambobin ƙasa da sifili ne. Na motar fetur ne, a injin dizal wannan rabin zaman banza zai yi, kuma ya matse maka lambobin da kake buƙata.

Zafin hayaƙi: wannan ko allura ce a fuskarsa ko lambobi masu haske, na waya ne, domin babu bututun da zai jure wa digiri 700. Yana da wani tsinken ƙarfe da ake sokawa cikin manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga silinda zuwa salansa, galibi nau'in da ake kira K, da wayarsa ta musamman. Abin da za ka zaɓa a nan shi ne fuska, ni kuwa allura na fi so, saboda direban da ke kan hawa da lodi ba shi da lokacin karanta lamba, da gefen ido yake kallon inda allura ta tsaya.

Zafin ruwa: ɗauki na lantarki, kuma ka nemi mai ƙararrawa. Mai bututu na zafin ruwa yana da kyau wajen faɗin gaskiya, amma bututunsa rufaffe ne, akwai wani ruwa mai saurin zama tururi a ciki, ba a yanke shi, ba a ƙara masa tsawo, in ya lanƙwashe sosai ko ya goga da ƙarfe ya huje agogon ya tashi aiki gaba ɗaya. Wanda ya bi hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri ya san irin jijjigar da ake magana. Ga shi kuma kan bututun yana da kauri, sai an yi rami babba kafin ya wuce zuwa cikin mota. Na lantarki kuwa in waya ta tsinke, kowane mai gyaran wayar mota a bakin hanya zai haɗa ta. Ƙararrawar ita ce rabin amfaninsa, domin babu direban da idonsa ke kan agogo tun daga Garwa har Figil.

Matsin baƙin mai: a nan makanikai suka rabu biyu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu son mai bututu suna cewa ba ya ƙarya, haka ne kuwa, shi ya sa ko a garaji da shi ake tabbatar da lafiyar inji. Sai dai yana nufin baƙin mai mai zafin kusan digiri 100, da matsin bar 4 ko 5, yana zuwa har gaban gwiwarka cikin wani siririn bututun roba. Na taɓa zama a gefen wani dattijon direba a kan hanyar Mokolo, muna cikin hawa sai ya ji ɗumi a ƙafarsa, ya duba ya ga farin wandonsa ya yi baƙi har idon sawu. Bututun ne ya tsage a daidai inda ya shiga notin bayan agogo. Yaron motar ya leƙo ta taga daga baya yana cewa, "Baba, kashe ta, mai ne ke zuba!" Allah ya sa ya kashe da wuri, muka toshe ramin a jikin inji da tsohuwar sansar jar fitilar mai da ke cikin akwatin kayan aikinsa, muka ƙara lita guda muka ci gaba. Da a ce a cikin bonet ya tsage inda ba mai gani, da sai inji ya shanye mansa kafin kowa ya farga. Tun daga ranar, shawarata ita ce na lantarki a cikin mota, mai bututu kuma a ajiye shi cikin akwatin kayan aiki a matsayin alƙali, duk ranar da na lantarkin ya faɗi abin da ba ka yarda da shi ba sai a ɗaura shi a ji gaskiya. Wanda ya dage sai mai bututu, to ya jefar da bututun robar da ya zo cikin kwali ya sayi na jan ƙarfe ko tiyo mai saƙar ƙarfe.

Matsin gazuwal: na lantarki kawai, ba a shigo da gazuwal inda mutane ke zaune. Masu shan man bakin hanya, wanda bai cika rasa ruwa da datti ba, suna amfana da shi domin yana nuna lokacin da matatar mai ta fara toshewa.

Gargaɗi: a injin mai kwamfuta, bututun ƙarfen da ke raba mai ga injekta yana ɗauke da matsin da ya haura bar 1,300. Ba a taɓa shi, ba a kwance shi inji na aiki, feshinsa yana huda fata. Duk abin da za a auna a ɓangaren mai, a gefen matata ake auna shi.

Akwai kuma bambanci a cikin na lantarkin kansa. Mai araha allurarsa kwata ɗaya kawai take zagayawa, digiri 90 na da'ira, lambobin sun cunkushe. Mai tsada yana da ɗan ƙaramin moto a ciki, allurarsa tana zagaya digiri 270 kamar na mai bututu, kuma shi ne ke zuwa da ƙararrawa da ajiye lamba mafi girma da aka kai. Ga zafin ruwa ka daure ka sayi na biyun.

Mataki na 4: A shago, da lissafin kuɗi

Kuɗin aikin kashi huɗu ne, agogo, sansa, 'yan ƙananan kayan haɗi, da kuɗin hannu. Mutane suna lissafa na farko su manta da sauran ukun. A kamfani ɗaya, na lantarki mai cikakken zagaye yakan ninka mai bututu sau biyu ko uku, na zafin hayaƙi kuma yana cikin waɗanda suka fi tsada. Farashi yana bambanta ƙwarai tsakanin kayan da suka biyo ta Duwala, da na Dubai, da waɗanda ke shigowa daga Mubi da Yola, don haka ka zaga shago uku kafin ka biya. In daga Turai za ka sa a kawo maka, lissafin ba shi da wuya, tun da Yuro ɗaya sefa 655.957 ne a Kamaru da Cadi baki ɗaya, sai ka ƙara kuɗin dako da na kwastan. Sunaye irin su VDO da Auto Meter da Isspro sanannu ne, kuma saboda sanin nasu ne ake buga jabunsu.

Ka buɗe kwali a gaban mai shago ka duba waɗannan:

Sansa tana ciki, kuma ta wannan agogon ce. Sansar matsin mai ta VDO tana aiki tsakanin om (ma'aunin turjiyar wuta) 10 zuwa 180, irin ta Amurka kuwa daga 240 take saukowa zuwa 33. In aka haɗa ta wani da agogon wani, allura za ta yi ta faɗin abin da babu, ko ma ta yi tafiyar baya.

Ma'aunin zafi na salshiyos ne. Kayan Amurka da yawa da faranhait suke zuwa, inda 1,250 ke nufin kusan 677 a namu. Za a iya sabawa, amma ranar da ka ba wani direba motar za a sami ruɗani. A matsi, bar ɗaya psi 14.5 ne.

Faɗin agogo milimita 52 ne, shi ne aka fi samun mazauninsa.

Gargaɗi: zaren kusa shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Ramin sansar mai a injinan Japan zarensa 1/8 BSPT ne, mai zare 28 a inci, yawancin sansar da ke zuwa cikin kwali kuwa 1/8 NPT ce, mai 27. A ido ɗaya suke. Za ta shiga zagaye biyu ta cije, in aka tilasta mata da sifana ta cinye zaren jikin inji, gyaran kuma ya fi kuɗin agogon. Ka sayi adafta tun a shago, ko ka kwance tsohuwar sansar ka tafi da ita a gwada.

Mataki na 5: Kayan aiki da gwaji kafin ɗauri

Za ka buƙaci sifana 10 da 12 da 14, doguwar soket da ta dace da sansar mai, mitar auna wuta, na'urar huda ƙarfe da bakinta na milimita 8.5, abin yanka zare na 1/8 NPT, giris, maganaɗisu, farin tef na famfo, mahaɗa mai baki uku, fis na amfiya 3 ko 5 da gidansa, zoben roba na rami, da igiyoyin roba na ɗaure waya.

Kafin ka huda ko'ina, gwada agogon zafin ruwa a kan tebur. Jona shi da batir, ka tsoma bakin sansar cikin butar shayi tana tafasa, in mai waya ɗaya ce ka naɗa wata waya a jikinta zuwa ƙafar batir mai alamar ragi. A Garwa ko Kusiri ya kamata ya nuna kusan 100, a Ngaundere kuwa kusan 96, domin a kan tudu ruwa yana tafasa da wuri. In ya kauce da digiri biyu ko uku, ka riƙe bambancin a ka. In ya kauce da goma, mayar da shi tun rasit bai ɓata ba.

Mataki na 6: Ɗaura sansa

A yi aikin inji yana sanyi, an cire ƙafar batir mai alamar ragi.

Ta zafin ruwa, wurinta mafi kyau shi ne jikin kan inji ko gidan tamostat ta gefen inji, in akwai ramin da aka toshe. In babu, ana yanka tiyon sama na lagireto a sa mahaɗar alminiyom mai ramin sansa, amma a auna faɗin tiyon tukuna, kuma a ja wa mahaɗar wayar as, wato wayar da ke haɗa ta da ƙarfen jikin mota, tun da roba ce ta kewaye ta. Kada a cire sansar kamfani a sa sabuwa a gurbinta, musamman a mota mai kwamfuta, domin da ita kwamfutar ke lissafin mai.

Gargaɗi: sansar ruwa ruwa take ji. In tiyo ya fashe ruwan ya tsiyaye gaba ɗaya, za ta zauna cikin iska tana nuna maka lafiya lau alhali inji na dahuwa. Maganin wannan shi ne ƙararrawar raguwar ruwa, ko sansa irin wadda ake ɗaurewa ƙarƙashin noti a jikin kan inji, mai jin zafin ƙarfen kansa.

Ta baƙin mai, a kwance sansar fitila, a sa mahaɗa mai baki uku, a mayar da ta fitilar a baki ɗaya sabuwar a ɗaya, don kada ka rasa jar fitilarka. Sai dai sansar lantarki tana da nauyi, injin dizal kuma ba ya daina karkarwa, in aka rataya ta a kan doguwar mahaɗar tagulla, wata rana mahaɗar za ta karye daga gindi. Abin da ya fi shi ne a ja gajeren tiyo mai saƙar ƙarfe daga inji, a ɗaure mahaɗar da sansar a jikin mota. Farin tef zagaye biyu ya isa, a bar zaren farko tsirara don kada guntunsa ya shiga hanyar mai, kuma in sansar mai waya ɗaya ce ka tuna ta jikin zaren take samun as, tef mai yawa yana raba ta da shi.

Ta iskar turbo, a yanka ƙaramin tiyon da ke fitowa daga manifol ɗin shan iska a sa mahaɗa mai baki uku, a ɗaure kowane baki. A injin mai kwamfuta, yoyo a wannan wuri yana sa mota ta rasa ƙarfi ta kunna fitilar inji. In allura tana rawa, akwai 'yar matsattsiyar ƙwaya da ake sawa cikin bututun ta kwantar da ita.

Ta zafin hayaƙi ita ce mai wuya, kuma in hannunka bai saba ba ka kai wa wanda ya saba. Wuri biyu ne, kafin turbo a jikin manifol inda hanyoyin silinda suka haɗu, ko bayan turbo a bututun salansa. Na farko ya fi faɗin gaskiya. Na biyu ya fi sauƙi, amma lambarsa tana ƙasa da ta gaskiya da digiri 100 zuwa 150, a kan hawa ma fiye. A inji marar turbo, inda hanyoyin suka haɗu nan ne wurin. Bakin tsinken ya tsaya a tsakiyar hanyar hayaƙi, kada ya taɓa bango.

Gargaɗi: ɓarɓashin ƙarfen da ya faɗa cikin manifol turbo zai bi. Hanya mafi aminci ita ce a kwance manifol ɗin a huda shi a ƙasa a wanke. Wanda ya huda a jikin mota, ya shafa giris a bakin abin hudawa da abin yanka zare, ya riƙa tsayawa yana gogewa, sannan ya zura maganaɗisu ya tsince sauran. Wayar tsinken kuma ba a yanke ta, ba a ƙara mata wayar jan ƙarfe ta gama-gari, domin daga ƙarafa biyu na musamman aka yi ta. In ta yi tsawo a naɗe ta a ɗaure.

Mataki na 7: Waya da mazaunin agogo

A ɗauko wuta daga layin da ke kamawa in an murɗa makulli, a sa masa fis kusa da inda aka ɗauko, wutar fitilar agogo kuma daga layin ƙananan fitilu. Wayar as ita ce uwar aikin, a kankare fenti a ɗaure ta a ƙarfe mai tsabta, in da hali a jikin inji. Alamar as marar kyau ita ce ka kunna manyan fitilu ka ga allurar zafi ta motsa. Duk waya ko bututun da zai ratsa bangon da ke tsakanin inji da direba ya bi ta zoben roba, a nisanta shi da manifol da fanka da sandar sitiyari. Wayoyi masu rigar rawaya na jakar iska ne, ba a taɓa su, kuma in akwai jakar iska a ginshiƙin gefen gilashi ba a ɗaura agogo a kansa.

Game da mazauni, ranar watan Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ba ta raga wa abin da aka ɗora a saman dashbod. Fuskar lambobi tana dushewa ko ta yi baƙi, gam yana sakewa, roba tana tsagewa. A nemi wuri ƙasa kaɗan inda inuwa take amma ido na kaiwa, a ɗaure da kusa. Akwai dabarar tsofaffin direbobi da nake so, wato a juya kowane agogo cikin mazauninsa yadda allura za ta miƙe sama a lokacin da komai ke daidai, duk wadda ta karkata ka gan ta ba tare da karatu ba.

Mataki na 8: Tayar da inji da karanta abin da ka gani

Mayar da batir, tayar da inji, ka bar bonet a buɗe minti goma kana duba yoyo a kowace mahaɗa da farin tsumma. Ka sake dubawa bayan tafiyar farko, da kuma bayan mako guda.

Sannan ka ɗauki littafi ka rubuta lambobin motarka tana lafiya, a tsaye, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, da kan hawa da lodi, domin da su za ka riƙa kwatantawa. Ruwa yakan zauna tsakanin 80 da 'yan kai zuwa 95, ka sa ƙararrawa a wajen 100 zuwa 105. A mota mai volt 12, batir yana nuna volt 13.8 zuwa 14.4 inji na aiki. Matsin mai yana hawa da safe ya sauko in inji ya yi zafi, wannan ba matsala ba ce. A 1HZ, mafi ƙarancin da aka yarda da shi shi ne kusan bar 0.3 a tsaye da 2.5 a juyin inji 3,000 a minti. Zafin hayaƙi kuwa, in tsinken yana kafin turbo kada ka bar shi ya zauna sama da 650 zuwa 700, in yana baya ka tsaya a wajen 550.

In allurar hayaƙi ta doshi iyaka a kan hawa, sassauta ƙafa ka sauko giya ɗaya, juyin inji ya ƙaru iska ta yawaita, za ka ga ta ja da baya kafin ka kai lanƙwasa ta gaba. In a lokacin hunturu ka ga iskar turbo ta ragu zafin hayaƙi kuma ya ƙaru a hanyar da ka saba, fara da matatar iska, ƙura ce ta cika ta. In ruwa ya yi zafi ka tsaya a gefe ka bar inji yana aiki a hankali muddin ruwan bai zube ba, kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce. In matsin mai ya faɗi farat ɗaya, kashe inji a inda kake, ka duba sandar awon mai da ƙarƙashin mota, sannan ka ɗauko mai bututun nan daga akwati ka ɗaura kafin ka sake tayarwa. Bayan doguwar tafiya kuma, mai turbo ya bar inji ya yi aiki a tsaye har allurar hayaƙi ta sauko wajen 200 kafin ya zare makulli.